Ganyen da Ya Faɗi

Maza huɗu suka sauke shi daga mota,
guntu-guntu, kowanne a naɗe cikin bargo
kamar majinyacin da ake gudun ya sha iska.
Ƙafafu biyu, goshi ɗaya, da allon sama.
Ruwan Dublin yana ta yayyafi,
irin wanda ba ka sanin ka jiƙe sai ka zauna.
Malachy Tuohy ya ture tabarau, ya ce,
"Dympna, kawo fitila."

Bakin murhu ne na dutsen marmara,
fari a da, yanzu kalar haƙorin mashayin taba.
Wani wanda sunansa bai iso mu ba
ya ƙwaƙule dutsen da bakin cizal
ya cusa masa launi a cikin ramin:
reshen inabi kore yana hawa,
zare ruwan ɗorawa yana bin gefe,
'ya'yan inabi jajaye, ba su kai farcen jariri ba.
In ka shafa da ido a rufe
yatsanka ba zai gane inda farin ya ƙare ba.

An yi shi ne don wani alƙali ya jingina gwiwar hannu
yana gasa bayansa, yana magana ana gyaɗa kai.
Alƙali ya mutu, unguwa ta talauce,
aka yanka falon da katako, aka zuba iyalai.
Su ne suka bar mana abin karantawa.
Ga zoben gindin butar shayi a kan allo.
Ga ramin ƙusa inda aka ɗaura igiyar shanya safa.
Kakin kyandir ya shige har cikin jijiyar dutse.
Can ƙasa, daidai tsayin ɗan shekara biyar,
wani ya karta harafin N da cokali mai yatsu,
ƙafar harafin ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Sati uku ina wanke kunkunniya da burushin haƙori.
Ruwan bokiti ya yi baƙi, na zubar, ya sake yin baƙi.
A rana ta goma sha tara na tarar da giɓi:
ganye ɗaya ya faɗi daga reshen hagu,
ya bar gurbinsa, da siffarsa, da ƙura.

Malachy ya dama farin gari da danƙo,
ya ɗiga kore, ya duba, ya ƙara fari.
Na ce, "Bai kai na asali duhu ba."
Ya ce, "Na sani.
Mai wucewa zai ga ganye.
Mai durƙusawa zai ga ba hannu ɗaya ba ne.
Mutumin nan ba ya nan balle in nemi izininsa."

Ranar Alhamis mai saye ya zo, da takalmi mai sheƙi.
Otal yake ginawa a bakin kogi.
Babu bututun hayaƙi a ɗakin, in ji shi,
tulun busassun furanni za a ajiye a ciki.
Ya zagaya, ya yaba, ya sunkuya,
ya ɗora yatsa a kan harafin yaron.
"Wannan a goge."

Malachy ya ƙwanƙwasa wurin da bayan yatsa,
ya kara kunne kamar likita.
"Dutsen ya yi siriri a nan. In na goga, zai tsage."
Ni na ɗaga wannan ƙafar da hannuna,
na san kaurinta ya kai tafin hannu.
Na ci gaba da matse soso.

Da yamma, kafin mu mayar da barguna,
na zura hannu a bayan goshin,
inda ba a taɓa gogewa ba, inda dutse ke da kaushi.
Na fito da yatsu baƙi ƙirin.
Har cikin bas ina jin warin kwal a hannuna,
na wutar da ta mutu tun ba a haifi kakata ba.